Ɗoɗɗoya a Hawa na Huɗu

Yayata ba ta taɓa sayen ko takalmin wanka ba sai ta tambayi wani. Ba ƙari nake yi ba. Na taɓa tsayawa da ita a shagon robobi tana riƙe da bokiti biyu, ja da shuɗi, girmansu ɗaya, tana kiran mijinta a waya ya faɗa mata wanda za ta ɗauka. Bai ɗauki wayar ba. Haka muka dawo gida ba bokiti. Tun muna yara ake ce mata Bari-in-tambaya, kuma sunan bai taɓa ɓata mata rai ba. Ni nake jin haushin a madadinta. Ni mai ɗinki ce, kullum almakashi na hannuna, in na yanka yadi na yanka ke nan, ba na kiran kowa.

Kada a ɗauka wayo ne ba ta da shi. Tun daga bakin ƙofar shagona za ta hango kalmasar da ta karkace, wadda ni da na ɗinka ban gani ba. Sai dai tana gama nuna min za ta ce, "Ko idona ne?" Ita ce ta fari a gidanmu, babanmu kuwa mutum ne da ba ya son a yi abu sau biyu, don haka ita ta shanye faɗan da mu na baya muka tsallake. Da ta girma ta yi aiki a kamfanin biskit, inda ƙararrawa ke faɗa mata lokacin tsayawa da lokacin zama. Daga nan ta auri malamin koyar da tuƙi, mutumin da ke wuni yana cewa "taka, saki, juya", ya dawo gida ya ɗora daga inda ya tsaya.

Malam ba mugu ba ne, kar in ɗauki alhakinsa. Shi yake ɓare mata lemo, shi yake duba mata ko fitilar bayi ta mutu. Abin da ya sani shi ne in mota ɗaya ce, mutum ɗaya ke riƙe sitiyari. Yaya kuma ta samu inda za ta jingina, ta jingina. Suka haifi 'ya ɗaya tilo, ta girma ta yi aure a wani gari mai nisa, suka rage su biyu a ɗaki biyu da falo, a hawa na huɗu na wani tsohon bene. Ƙasan benen kafintoci ne, daga safe har yamma ƙarar zarto.

Ranar da ɓarin jikin Malam ya shanye, mutum huɗu suka sauko da shi, mutum huɗu suka mayar da shi bayan an sallame shi daga asibiti. Matattakalar nan ƙunci gare ta, a kowane lanƙwasa sai an karkata mutum kamar katifa. Yana isa gadonsa ya nuna ƙofa da hannun da ke aiki, ya ce, "A'a." Kalmomi kaɗan suka rage masa, wannan ce ta fi fita sosai. Kowa ya gane abin da yake nufi. Rabin direbobin unguwar nan shi ya koya wa tuƙi, ba zai yarda su gan shi ana ciccibar sa baki a karkace ba.

Daga ranar ya daina sauka, ita ma ta daina. In ta fita daga ɗakin ta daɗe, sai ya kama buga cokali a ƙarfen gado, ƙwal ƙwal ƙwal, har ta dawo. Wanka da sauri, girki da kunne ɗaya a ɗaki. Ta juya shi, ta goge shi, ta canza zanen gado yana kai, ta wanke, ta shanya a 'yar baranda da ba ta fi tabarma ba. Damina ta wuce, wata ta zo ta wuce, Yaya ba ta taka titi ba. Duniyarta ta zama abin da ake hangowa daga barandar nan: rufin shagon mai faci, tankin ruwan maƙwabta, da kawunan mutane.

Masu ba da shawara kuwa ba a rasa su ba. Akwai wan Malam, wanda kowa ke kira Baffa, mai gida a ƙasa da tsakar gida da samari uku majiya ƙarfi, amma gwiwarsa ba ta son bene, sai dai waya. Akwai ƙanwarsu, Gwaggo, da ke hawowa jefi-jefi tana haki, ta zauna ta duba ƙarƙashin gado da ido. Akwai 'yar, da ke turo bidiyo kullum. Dukansu bakinsu ɗaya a kan abu ɗaya: "Ai ke ce maganinsa. Ba wanda zai iya da shi sai ke." Yabo ne mai arha, mai yin sa yana zaune a gidansa ƙafa a miƙe.

Likita ya hana Malam gishiri, Malam kuma ya hana kansa abinci. Za ta kai cokali bakinsa ya kau da kai. Mutumin da da yake cika kujerar mota ya koma ana ƙirga haƙarƙarinsa ta cikin riga. Matar da ke zuwa motsa masa hannu da ƙafa ce ta ce a gwada ganye masu ƙamshi, ko za su rufe lamin abincin. Na riƙa sayowa, amma ni sai na rufe shago nake zuwa, kafin nan ganyen ya yi laushi kamar tsumma. Rannan na gaji, na je wajen mai sayar da iri na karɓo na ɗoɗɗoya da na lansir a ƙulle a leda. Na ce, "Ga shi, ki shuka abinki a baranda."

Ta buɗe ledar ɗoɗɗoyar ta zuba a tafin hannu. 'Yan baƙaƙen ƙwayoyi ne, in ka yi numfashi da ƙarfi sun tafi. Ta dube su ta dube ni.

"Yaya ake yi?"

"A sa a ƙasa, a zuba ruwa."

"Ruwa nawa?"

"Haba Yaya, ruwa dai."

Ban sauka daga benen ba ta riga ta kira Baffa. Baffa ya ce a jiƙa safe da yamma sosai, a barbaɗa toka. Gwaggo ta ce sam, iri ba ya son haske, a rufe shi da tsumma a tura inuwa. 'Yar ta turo bidiyon wata mata mai safar hannu, tana lulluɓe tukunya da leda tana fesa ruwa da kwalba. Ni kuma da ta sake kira na, na ce ta zuba masa ganyen shayin da aka gama da shi ta ƙyale shi. Daga ina na samo wannan, oho.

Wani mutum zai zaɓi ɗaya. Yaya ta nemo gwangwanayen madara huɗu, ta sa aka huda mata gindinsu a wajen kafintoci, aka hawo mata da ƙasa, ta yi wa kowannenmu nasa. Na Baffa, na Gwaggo, na 'yarta, nawa. Ta jera su a baranda, kowanne da dokarsa, ba ta haɗa su. Na tambaye ta dalili, ta ce, "In Gwaggo ta zo ta ga ban rufe ba, me zan ce mata?" Na yi dariya har na zauna a kan bokitin wanki. Daga baya abin ya daina ba ni dariya.

Na Baffa ne ya fara tsirowa, ta kira ni cike da murna. Bai daɗe ba 'yan tsirran suka kwanta gaba ɗaya, gindinsu ya siraɗe kamar zare ya ruɓe. Ta kira Baffa, ya ce ruwan ne bai isa ba, ta ƙara. Na Gwaggo ya fito fari sol a ƙarƙashin tsumma, dogo, ba ƙarfi, ya mutu a tsaye. Na 'yar ya dahu cikin leda da zafin rana. Nawa funfuna ce ta tsiro a kai, ta yi kyau kuwa. Kowa ya ce ba ta bi maganarsa daidai ba ne. Ta ba kowa haƙuri, ta zubar da ƙasar, ta sake shukawa a kan dokokin nan dai. Aka sake yin asara.

Abin da ba wanda ya sani shi ne, ƙasar da take zubarwa ba waje take kai ta ba, tunda ba ta sauka. Cikin wata tsohuwar robar wanki da ta tsage take juye ta, a lungun baranda bayan durom ɗin ruwa. Wata safiya ta je ɗibar ruwa ta ga robar ta yi kore. Irin da bai fito a gwangwani ba ne ya ga dama ya fito a nan, ɗoɗɗoya da lansir a cakuɗe.

Daga baya ta ba ni labarin. Ta ce ta ɗauki waya, sai ta rasa wa za ta kira. Robar ba ta kowa ba ce. In ta kira Baffa zai ji ƙasarsa ta haɗu da ta Gwaggo, in ta kira Gwaggo za ta tambayi ina tsumma. Kunya ta sa ta ajiye wayar. Ta ja durom ta ƙara kare robar, kamar wadda ta yi laifi.

To, abin da ka ɓoye ba ka da wanda za ka tambaya a kansa. Dole ta riƙa duba shi da kanta. Tsakanin juya Malam da ɗora tukunya sai ta tsuguna a lungun nan. Ta lura in saman ƙasar ya bushe ba lallai cikin ya bushe ba, sai ta fara tura yatsa ta ji. Ta lura da tsakar rana ganyen na langaɓewa ko da ƙasar na da laima, in la'asar ta yi ya miƙe da kansa, don haka ta daina rugawa da kofi. Ta ga suna karkata wajen haske, ta riƙa juya robar. Ta yi kuskure ma, ta ja robar tsakiyar rana wuni guda, gefe ɗaya ya ƙone. Ba wanda ya yi mata faɗa, ba kuma wanda ta ba haƙuri. Ta mayar da ita inda take samun hantsi kawai.

Ni ce ta fara gaya wa zancen robar, shi ma don ta shiga uku ne. Tsirran sun cunkushe, sun fara rawaya. Ta kira ni ina tsakiyar gwada wa wata mata riga, bakina cike da allura.

"Sun yi yawa a wuri ɗaya. Ina ganin sai an cire wasu."

"To ki cire."

"Waɗanne?"

"Yaya, ni ina nan, ke kina can. Ke kike ganin su."

"In na cire masu kyan fa?"

"Sai a kai ki kotu," na ce, na kashe wayar.

Da yamma na je na same ta a tsugune, ƙasa a farcenta, 'yan tsirran da ta cire a jere a kan faranti. Idonta ya yi ja. Ta ce ta daɗe tana kallon su kafin ta taɓa na farko, duk wanda ta kai wa hannu sai ta ga kamar shi ne zai fi girma. Malam na ta buga cokali, ta shiga ta fito, ta shiga ta fito. Ƙarshe ta bar masu kaurin gindi, ta cire dogayen da suka fi burge ido. Na ce wa ya faɗa mata haka. Ta ce, "Ba kowa. Dogayen irin na Gwaggo ne, na ga yadda suke ƙarewa."

Lansir ɗin da ta cire ta wanke ta yayyanka a kan ƙwai. Malam ya shinshina, ya buɗe baki. Rabin ƙwai ya ci. In kun ga Yaya ranar, sai ku ce an ba ta kyautar gida. Da ɗoɗɗoyar ta yi ganye ta riƙa tsinkar kan ta jefa a romo, ɗakin da ya daɗe yana warin magani ya samu wani ƙamshi. Gwangwanayen huɗu suna nan a jere, tana ba su dokokinsu don masu zuwa dubiya. Na Baffa ma ya rayu a karo na uku, Baffa ya yi ta cika baki a waya. Ba ta gaya masa ta daina yi masa ban ruwan yamma ba.

Da labarin ya tsaya a nan da na ji daɗi. Amma akwai abin da ɗoɗɗoya ba ta magani. A ƙasan bayan Malam, inda ƙashi ke dannar katifa, fata ta yi ja, ta saɓule, ta zama miki. Mutum ne dogo, ko da ya rame ƙashinsa na da nauyi, ita kuma bayanta ya fara ciwo har ba ta iya miƙewa sosai. Juyin da ya kamata a yi masa akai-akai ya koma sai ta tattaro ƙarfi. Rannan garin juya shi hannunta ya saki, ya zame tsakanin gado da bango, sai da ta leƙa baranda ta yi ta kiran kafintoci kafin aka ɗago shi.

Aka dawo gidan jiya. Baffa ya ce hoda. Gwaggo ta ce zuma, ta hawo da ita da kanta. 'Yar ta turo hoton wani man shafawa. Matar da ke motsa masa jiki ta ce a kai shi asibiti, aka ce ita ai aikinta ke nan, ba ta san halin Malam ba. Duka ukun suka haɗu a kan cewa kar a sauko da shi, tunda ya ce a'a, ɓacin rai zai iya ƙarasa shi. Ni na ce a kai shi, amma ni an san bakina, ba a sa maganata a lissafi. Gwangwani ta iya yin huɗu ta raba wa kowa nasa, bayan Malam kuwa guda ɗaya ne. Ta sa hoda yau, zuma gobe, mai jibi, tana kallon mikin yana faɗi.

Na tsani ɗakin nan a lokacin, in faɗi gaskiya. Taga a rufe don Gwaggo ta ce iska. Fanka a kashe don Baffa ya ce sanyi. Ƙarar zarto daga ƙasa, ƙarar cokali daga gado, wayar Yaya na ta ruri a kan firji. In na zauna kaɗan sai in ƙirƙiro uzuri in gudu. Ita ba ta da uzurin da za ta ƙirƙiro.

Wata safiya ina buɗe shago ta kira ni.

"Ki samo mota mai faɗin baya, ki zo da ita yanzu."

Na tsaya ina jiran sauran maganar, irin su "ko kuwa?" da "ke me kika gani?" Ba su zo ba.

"Baffa ya sani?"

"Bai sani ba. Warin mikin ya canza, gefensa ya yi duhu, jikinsa kuma da zafi. Ki yi sauri."

Ko da na iso da motar, Yaya na ƙasa a ƙofar kafintoci, mayafi a karkace, ta kare ido da hannu don hasken ya yi mata yawa. Da ƙafarta ta sauko. Daga nan ƙasa kana jin cokali yana dukan ƙarfe a sama. Babban kafintan ya ajiye aikinsa, ya zaɓo wata kujera mai hannu da bai gama shafa wa fenti ba, ya kira mutanensa uku muka hau.

Malam na ganin kujerar ya gane. Ya riƙe ƙarfen gado da hannunsa mai lafiya har jijiyoyi suka fito.

"A'a."

Yaya ta durƙusa a gaban gadon. "Na ji, Malam. Sauka za mu yi."

"A'a. A'a."

"Na ji ka. Ka yi haƙuri."

Ta sa hannu ta ɓamɓare yatsunsa daga ƙarfen, ɗaya bayan ɗaya. Kafintocin suka sunkuyar da kai. Ni da nake cewa ba abin da ke ba ni tsoro, sai da na juya na fuskanci bango. Tun da suka yi aure ban taɓa jin ya ce a'a ta ƙara kalma a kai ba. Kallon da ya yi mata ba na fushi ba ne kawai, kamar bai san ta ba.

Aka sauko da shi ana karkata kujerar a kowane lanƙwasa. Abin da yake gudu kuma ya faru. Muna fitowa wani direban tasi ya taka birki, ya leƙo ya ce, "Ikon Allah, Malam ne wannan?" Ya fito da gudu zai taimaka, yana ta faɗin yadda Malam ya koya masa ribas. Mutane suka taru. Malam ya runtse ido, hawaye na bin gefen bakinsa da ya karkace. Yaya ta gani. Ta gyara masa bargo a gwiwa, ta ce wa mai motarmu ya buɗe baya.

A asibiti ba wanda ya yaba mata. Likitan ya duba, ya tambayi me ya sa aka bari ya kai haka, ta shanye faɗan. Aka kwantar da shi, aka yanke naman da ya mutu, aka ɗaura masa ruwa. Kafin azahar Baffa ya iso, ashe gwiwar na tafiya in ta ga dama. Gwaggo na bayansa. A barandar asibitin suka tsare ta.

"Da izinin wa?" in ji Baffa.

"Ba na kowa, Baffa."

"Mutum ya ce ba ya so, kin tara masa jama'a a titi. To, in an sallame shi a mayar da shi ɗakinsa, maganar ta wuce."

"Ba zai koma sama ba."

Gwaggo ta riƙe haɓa. Ni kaina sai da na dubi Yaya.

"Ba na iya ɗaga shi," ta ce. "In ya koma mikin zai dawo. Gidanka ƙasa ne, Baffa, kana da samari. Can za mu zo, ni da shi."

"Ki dai ce kin gaji da ɗan'uwanmu," in ji Gwaggo.

"Na gaji, Gwaggo. Ko ban gaji ba ba zan iya ɗaga shi ba."

Na buɗe baki zan sauke musu abin da na daɗe ina tarawa, Yaya ta dafa hannuna. 'Yar ta kira tana kuka, ta ce an wulaƙanta mata uba. Yaya ta saurare ta har ta gama, ta ce, "In kin samu hali ki zo ki gan shi." Baffa ya yi ta faɗa har nas ta fito ta ce a rage murya. Amma ba shi da bakin cewa ba zai karɓi ƙaninsa ba a gaban mutane.

Yanzu suna gidan Baffa, a ɗakin da ke kusa da famfo. Kar ku ɗauka hutu ta samu. Can ba wanda ke kallon ta sai ta taga, nan kuwa ido a kanta yake daga safe har dare, kuma labarin da ke yawo a dangi shi ne matar Malam ta gaji ta jibge shi. Benen an ba wasu haya. Gwangwanayen ta bar wa kafintoci suna zuba ƙusa, robar kawai ta ɗauko. Samarin Baffa na juya shi a kan lokaci, da yamma su fito da shi tsakar gida. Mikin ya rufe, saura tabo.

Malam bai sake kallon ta ba. In ta shigo ɗakin sai ya juya fuska bango. In ta kawo cokali ya datse baki, ko ruwa ba ya karɓa daga hannunta. Ita ke girkin, ita ke tsinko ganyen ta yanka, sannan ta miƙa wa matar Baffa kwanon, ta koma bakin ƙofa inda ba zai hango ta ba.

Ranar da na fara ganin haka raina ya ɓaci. Na ja ta gefe na ce, "Wallahi Yaya wannan rashin godiya ne. Ke kika tsamo shi. Bari in shiga in faɗa masa."

"Ki bar shi. Ya ce a'a na ƙi ji, yana da gaskiyarsa."

"Ke kuma fa? Haka za ki zauna?"

Ta ɗaga min hannu alamar in yi shiru, ta karkata kunne wajen ɗakin. Daga ciki ana jin cokali yana kankarar gindin kwano, matar Baffa na cewa, "Saura kaɗan, Malam, buɗe."

Yaya ta goge ido da bakin mayafinta.

"Kin ji? Ya cinye," ta ce.